Tsirkiya Ɗaya na Magana, Biyar Sun Yi Shiru

A layinmu na Malali, da zarar an idar da sallar isha'i kuma sanyin hunturu ya fara saukowa, mutane kan watse su shige gida. Ba mai ragewa a waje sai samarin majalisar bakin kwana, da maigadin gidan da ke kallon namu, wani saurayi Ba'abzine da ba ya rabuwa da rawaninsa da 'yar butar shayinsa a kan gawayi. A wurinsa na fara ganin Mdou Moctar. Ya miƙo mini waya, ya ce, "Malam, ga ɗan ƙasarmu." Na duba, sai ga wani dogo da rawani, ya riƙe jita ta hannun hagu a gaban cincirindon Turawa. Abin da ya fito daga wayar kuwa, a kunnena na lokacin, bai wuce ƙarar injin markaɗe da tsakuwa ta faɗa ciki ba. Na mayar masa da abarsa, na ce ai wannan hayaniya ce, ko yaro aka ba zai iya.

Bai yi mini musu ba. Ya shiga ɗakin gadi ya fito da tasa jitar, tsohuwa, fentinta ya goge daidai inda hannu ke kwanciya, da wata 'yar amfilifaya mai batir da ba ta fi galan girma ba. Ya jona waya, ya murɗa maɓalli har ƙarshe, ya ɗora mini jitar a cinya. Ban kai ga kaɗa komai ba ta fara tsuwa. Hannun rigata ya gogi tsirkiya, ta yi gurnani. Na taɓa guda ɗaya, sauran biyar suka amsa ba a kira su ba, kowace da nata kukan, har karen maƙwabta ya tanka. Ya karɓa yana murmushi, ya kwantar da gefen tafinsa a kansu, sai tsit, kamar an ɗauke wuta. Daga cikin shirun nan ya zaro murya ɗaya tak, siririya, doguwa, ya riƙe ta tana rawa har na ƙirga goma a zuci, sannan ya datse ta.

Tun daga daren nake bin abin a hankali, ina tambaya, ina kallon hannu. Na gano ƙarar kyauta ce, wutar lantarki ke bayarwa, ni ma ta ba ni. Abin da makaɗi ke saye da shekarunsa shi ne ikon hana ta fita sai inda ya ga dama.

Jitar lantarki ba ta da ciki. Garaya da gurmi da molo duk suna da ƙoƙo ko ɗan akushi da aka rufe da fata, shi ke ƙara wa tsirkiya murya. Ko kuntigin marigayi Ɗanmaraya Jos gwangwanin kifi ne aka ɗaure wa fata. Ita kuwa wannan gungumen katako ce, in ka kaɗa ta ba wuta, wanda ke ɗaki na gaba da ƙyar zai ji. Tsirkiyoyinta shida ne, duk na ƙarfe. Mafi siranta ba ta fi rubu'in milimita kauri ba, manyan uku kuma an naɗe su da wata siririyar waya don su yi nauyi, muryarsu ta yi ƙasa. Kowace ta taso daga jaki, wato ƙarfen da ke tallafe da tsirkiya a gindin jita kamar yadda jakin garaya ke yi, ta bi dogon wuya, ta ƙare a kan maɗaurin da ake murɗawa. Tsawon da ke kaɗawa kusan santimita 65 ne. In aka ɗaure duka shidan yadda ya kamata, jan da suke yi wa wuyan ya kusa nauyin buhun siminti, kuma dare da rana ba sa saki. Shi ya sa aka ɓoye sandar ƙarfe mai sukuru a cikin wuyan, a ɗaure ta ko a sassauta in katako ya fara sunkuyawa. A Kaduna dole a san da wannan. Katakon da ya sha laimar Agusta, in iskar Janairu ta busar da shi, sai ya motsa. Nakan ga maƙwabcina maigadin nan ya ɗaga jitar zuwa idonsa, ya rufe ido ɗaya, ya leƙa tsawon wuyan kamar kafinta yana duban katako, sannan ya sa ɗan makulli ya murɗa rubu'in zagaye, ya ajiye ta sai gobe.

A kan wuyan an gicciya 'yan ƙarafa 21 ko 22, kamar matakan tsani. In ka danne tsirkiya a bayan mataki ka gajarta ta, murya ta hau. Mataki na 12 yana tsakiyar tsirkiya cif. Tsirkiya ta biyar, a sake, tana kai-komo sau 110 a daƙiƙa. Ka danne ta a nan, sai ta koma 220, kunne ya ji murya iri ɗaya amma a sama, kamar uwa da 'yarta suna rera abu guda. Mai goge ba shi da waɗannan matakai, kunnensa kaɗai ke gaya masa inda zai sa yatsa. Ta nan kam mai jita ya samu rangwame, gara a faɗi gaskiya.

Sirrin yana kwance a ƙarƙashin tsirkiyoyi, a cikin wani ɗan abu mai kama da sandar sabulu da ake kira fikof. Ni kunne nake ce masa. Irin jitar da Mdou ke riƙewa, Fender Stratocaster, wadda aka fara fitarwa a Amurka a 1954, kunnuwa uku gare ta. A cikin kowane akwai mayen ƙarfe shida, ɗaya a ƙarƙashin kowace tsirkiya, an kewaye su da wayar jan ƙarfe siririya kamar gashi, zagaye wajen 8,000. Wanda ya taɓa tsayawa a Panteka ya kalli masu naɗin koyil ɗin fanka ko janareta ya riga ya san rabin labarin: in ƙarfe ya motsa kusa da mayen ƙarfen da aka naɗe da waya, 'yar wuta takan samu a cikin wayar. Ke nan wannan kunnen motsin ƙarfe yake ji. Ka ɗaura masa tsirkiyar roba, ya zama kurma. Amma ƙarfe, komai ƙanƙantar motsinsa, sai ya kai rahoto. Kunnen da ke kusa da jaki muryarsa kaifi gare ta, tana tsaga iska. Na kusa da wuya tasa mai kauri ce, mai taushi. Da ɗan maɓalli makaɗi ke sauyawa tsakaninsu, sau da yawa a tsakiyar kiɗa, da bayan yatsa, ba tare da ya duba ba.

Wutar da kunnen ke samarwa ba ta isa ta kunna ƙwan tocila ba. Amfilifaya ce ke ɗauka ta ninka ta, ta miƙa wa lasifika. To kowace amfilifaya tana da iyaka. In aka ɗura mata fiye da cikinta, sai ta aske kan sautin, kamar an cika tiya da gero an shafe tozon. Murya ta dishe, ta yi ƙaiƙayi, ta yi gurnani. Da farko lahani ake ɗaukar wannan, injiniyoyi suna ta neman maganinsa, har makaɗan rok suka fara nemansa da gangan, daga baya aka ƙera 'yan akwatunan da ake takawa da ƙafa don a same shi a duk lokacin da aka so. Bai kamata Bahaushe ya yi mamaki ba. Makaɗanmu sun daɗe ba sa son murya ta fita tas ita kaɗai. Ceba, ɗan farantin ƙarfen nan mai zobba da ake cusawa a kan garaya, aikinsa ke nan, haka ma zaren da ake gicciyawa a kan fatar ganga don ta yi zuzu. Sai dai dishewar lantarki tana zuwa da haraji. Tana tsawaita murya, ta daɗe ba ta mutu ba, amma tana ɗaga ƙaramin motsi ya kusa kai babba. Gogar hannun riga, zamewar yatsa, tsirkiyar da ta motsa don 'yar'uwarta ta motsa, duk sai su fito fili. Abin da ya same ni ke nan a bakin ƙofar gidan.

Kiɗan da ya fi kowane dogara da wannan dishewa shi ne wanda Turawa ke kira hebi metal, wato ƙarfe mai nauyi, kuma hatsari ne ya taimaka wajen haihuwarsa. Tony Iommi, ɗan birnin Bamingham na Ingila, yana da shekara 17, a ranar da zai bar aiki a wata masana'antar farantan ƙarfe, inji ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama. Bahago ne, don haka yatsun da suka tafi su ne na danna tsirkiya. Ya narka robar kwalbar sabulu ya yi musu huluna, ya lulluɓe da fata, ya nemo siraran tsirkiyoyin banjo masu sauƙin dannuwa, daga baya kuma ya sassauta ɗaurin jitar gaba ɗaya don rage zafi. Sassautawar ta sa murya ta nutse, ta yi nauyi, ta yi duhu. Ƙungiyarsa, Black Sabbath, ta fitar da faifanta na farko a Fabrairun 1970, kuma masu wannan kiɗa har yau daga nan suke ƙirga. Da yake dishewa kan mayar da muryoyi da yawa kunu in aka haɗa su, sai suka taƙaita ga biyu: uwa, da wadda ke sama da ita da mataki bakwai. Su kaɗa su da ɗan farcen roba, gefen tafi yana kwance a kan jaki yana shaƙe su, sai ka ji dum-dum-dum a dunƙule kamar ana sussuka. Kiɗan ya ƙetara har Tarayyar Sobiyat, inda kamfanin faifai guda ne, Melodiya, kuma na gwamnati. A Mosko, Vladimir Holstinin da Alik Granovsky suka kafa ƙungiyar Ariya a 1985, aikinsu na farko ya yaɗu ta kaset, wannan ya kwafa wa wancan, kafin kamfanin ya waiwaye su. Holstinin ya yi shekara 40 a cikinta, mawaƙa na zuwa suna tafiya.

Mu a nan, in ana neman wanda ya ɗauki jita ya kai ta wannan zafin, sai a duba arewa da Sakkwato. Sunan Mdou na yanka Mahamadou Souleymane, an haife shi a yankin Tawa na Jamhuriyar Nijar a tsakiyar shekarun 1980. Gidansu na masu addini ne, ba a maraba da jita. Ya ga marigayi Abdallah Oumbadougou yana kiɗa, abin ya shiga ransa, kuɗin saye babu, don haka ya samo katako ya ɗaura masa wayar birkin keke. Duk wanda ya taɓa gyaran keke ya san wayar nan: tufkar siraran ƙarafa ce, tana tsatsa, tana tsage yatsa, kuma ba a yi ta don ta riƙe murya ba. Yaron da ya koya a kanta dole kunnensa ya riga hannunsa nuna, domin kowane ɗan lokaci sai ya sake ɗauri. Ba shi ne farau ba. Ibrahim Ag Alhabib na ƙungiyar Tinariwen da gwangwani da sanda da wayar birki ya fara, shekaru da yawa kafin shi. Wani abin dariya, kiɗan jitar Abzinawa ana kiransa ishumar, daga kalmar Faransanci mai nufin marasa aikin yi, saboda samarin da fari ya koro zuwa Aljeriya da Libiya ne suka ƙirƙire shi. Ban san wata sana'a da ta ci sunan zaman banza ba alhali tana cin yatsu haka.

Da yake Mdou ma bahago ne, bari mu bar zancen hagu da dama, mu ce hannun kaɗi da hannun danni.

Kafin komai sai ɗauri. Makaɗan Abzinawa da yawa sukan ƙara wa tsirkiya mafi kauri ɗauri da mataki uku, har ta zama uwar tsirkiya ta uku. Maƙwabcina yakan kaɗa su tare, ya karkata kai. In ba su daidaita ba, sai ka ji muryar tana wani wal-wal kamar fitilar da iska ke kaɗawa. Yana murɗa maɗauri a hankali, wal-wal ɗin yana raguwa, har ya tsaya cik. Kullum daga ƙasa yake hawa zuwa murya. In ya zarce, sai ya sassauta ya sake hawowa, domin tsirkiyar da aka sauko da ita takan zame bayan an fara kiɗa.

Hannun kaɗi babu farcen roba a cikinsa. Babban yatsa yana kan tsirkiyar nan mai kauri, yana dukanta a kai a kai, murya ɗaya ba canji, ita ce ƙasar da komai ke tafiya a kanta. Manuniya kuma tana can ƙasa a kan siraran, tana sauka da bayan farce, tana dawowa da tsokar yatsa, ita ke ɗauke da waƙar. Yatsu biyu na hannu ɗaya, kowane da nasa lokacin, kamar mai tuƙa tuwo da hannu yana jijjiga goyo a baya. Wannan salo daga tahardant aka gado shi, molon Abzinawa mai tsirkiya uku da ake kiɗan takamba da shi, kuma muryoyi biyar ne ginshiƙinsa, kamar yawancin kiɗanmu na gargajiya. Shi ya sa in ka daure wa ƙarar na minti biyu, sai ka ji wani abu da ka sani yana motsi a ƙarƙashinta.

A hannun danni saurin yake, kuma nan ne ido ke ruɗar mutum. Za ka ji muryoyi huɗu ko biyar sun zubo, alhali sau ɗaya aka kaɗa tsirkiya. Yadda ake yi shi ne, bayan an kaɗa, wani yatsa ya faɗo a kan mataki na gaba da ƙarfi kamar guduma, faɗuwar da kanta ta ba da sabuwar murya. Sai kuma a janye shi. Amma ba ɗagawa ake yi sama kawai ba, in aka yi haka murya mutuwa take. Ana fizgar tsirkiyar ne gefe kaɗan da kan yatsa yayin tashi, yatsan danni ya zama mai kaɗi. Guduma, fizga, guduma, fizga, in suka yi sauri sai su zama guɗa sak irin ta gidan biki. Wahalar ita ce a sa su fito da ƙarfi ɗaya. Manuniya ƙarfi gare ta, ɗan ƙaramin yatsa rago ne, kuma kunnen jita ba ya rufa wa kowa asiri. Akwai kuma tanƙwara: a danne tsirkiya a tura ta gefe a kan mataki, ɗaurinta ya ƙaru, murya ta hau ba tare da an matsa ba. Yatsu uku ake haɗawa a bayan juna, ƙarfin kuma daga wuyan hannu yake zuwa, kamar mai murɗa makullin ƙofa. A nan matakan ƙarfe ba sa taimako, kunne ne ke cewa tsaya. Ka gaza kaɗan, murya ta yi tsami. Ka zarce kaɗan, ta yi kamar kyanwa aka taka.

Duk wannan ana gani. Wanda ba a gani shi ne aikin da ya fi yawa. Yayin da tsirkiya ɗaya ke magana, biyar suna jiran dama su sa baki, kuma kowace sai an toshe mata. Waɗanda ke ƙasa da wadda ake kaɗawa, cikin manuniyar hannun danni ne ke kwanciya a kansu, a hankali, taɓawa ba dannawa ba. Wadda ke sama da ita daf, kan yatsan da ke danni ne ke ɗan dungurinta. Sauran na sama, gefen tafi ko babban yatsan hannun kaɗi ke tsare su. Da waƙa ta tsallaka zuwa wata tsirkiya, duk wannan tsaro sai ya tashi ya sake zama cikin ƙiftawar ido, wadda aka bari a rufe mata baki, wadda aka nufa a buɗe mata. Na ce wa maƙwabcina ya yi mini a hankali in gani. Ya gwada, ya kasa, ya yi dariya. Ya ce, "Malam, in na tsaya tunani sai ya ɓace mini. Hannun ne ya sani."

Hannun bai sani a banza ba. Bayan sha biyun dare, in unguwa ta yi barci, yakan zare wayar amfilifaya ya ci gaba a bushe, don kada ya tashi masu gida. Ya kunna waƙa a waya, ya saurari daƙiƙa uku, ya tsayar, ya nemo su a kan wuyan jita, ya maimaita su a hankali kamar mai ɗinkin hula, allura bayan allura, sai sun zauna sannan ya ƙara sauri kaɗan. Na taɓa fitowa da asuba na same shi a kan muryoyi ukun da na bar shi a kansu. Kan yatsunsa huɗu sun yi kanta, da 'yar tsaga a tsakiya inda tsirkiya ke zama. Farcen wannan hannun a yanke suke ƙaf, na manuniyar ɗaya hannun kuma an bar shi ya ɗan fito. In ya wanke motar maigida ba ya taɓa jita sai hannu ya bushe sarai, domin jiƙaƙƙiyar kanta saɓulewa take. Samarin majalisar bakin kwana su ma suna nan har wannan lokacin, kowa da hasken waya a fuska, ana musun ƙwallon Turai. Ba na zarginsu, don ni ma akwai wata jita a kan kabad ɗina da na saya da zumuɗi shekarun baya, na bar ta bayan mako biyu da yatsuna suka yi ƙuna.

Mdou ya je Libiya neman abinci kamar sauran samari, ya dawo, kuma aikinsa na farko a ƙasar Hausa aka ɗauke shi. A 2008 ya zo Sakkwato ya yi Anar, da salon waƙoƙin finafinanmu na lokacin, ganga ta inji da na'urar nan mai lanƙwasa murya. Ba kamfani, ba talla. Waƙoƙin suka bi memori da Bluetooth, daga waya zuwa waya, suka ratsa hamada, yadda kaset ya yi wa Ariya a Mosko. Wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, ya tsinci ɗaya daga cikinsu, Tahoultine, a wayoyin mutane a arewacin Mali, ya sa ta a wani faifan waƙoƙin wayar salula na Sahara da ya fitar a 2011, sannan ya shiga neman mai ita har ya same shi. Faifansa Afelan ya fito a 2013. A 2015 suka fitar da fim ɗin da suka yi a Agadas da harshen Tamashek, wanda aka gina a kan fim ɗin mawaƙi Prince, Mdou yana fitowa a matsayin makaɗi mai babur da ke faman neman suna.

Amma makarantarsa ta gaske gidan biki ce. A Agadas mai jita da biki yake ci, a fili, a kan tabarma, da janareta da lasifikar da ta sha ƙura. 'Yan rawa ba su san uzuri ba. In kiɗa ya yi sanyi su zauna, in ya yi zafi su taso, kuma sai a yi awanni ana abu ɗaya. A nan ake koyon yadda ake ɗaukar jimla guda a juya ta sau hamsin ba ta gundura ba, da yadda ake ƙara sauri kaɗan-kaɗan har mutane su tsinci kansu suna gudu ba su san lokacin da aka fara ba. Wannan hawan saurin shi ne tambarin ƙungiyarsa, kuma ba aikin mutum ɗaya ba ne. Souleymane Ibrahim ke tura shi da ganguna, Mikey Coltun, Ba'amurke, yana riƙe da babbar jita mai muryar ƙasa, sai Ahmoudou Madassane mai jitar rakiya. Ni wannan na ukun nake yawan kallo. Zai riƙe kaɗi ɗaya tsawon waƙa, ba ƙari ba ragi, ba mai tafa masa, kuma da zai yi tuntuɓe sau ɗaya da duk ginin ya zube.

Da faifan Ilana, wanda aka ɗauka a Detroit ya fito a 2019, ƙarar ta cika ta batse. Sai Afrique Victime a 2021 da Funeral for Justice a 2024, dukansu a kamfanin Matador, inda yake waƙa a kan abin da Faransa ta yi wa ƙasarsa da halin da mutanensa ke ciki. Juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 a Amurka ya same su suna zagayen wasa, aka rufe iyakoki, suka yi zaman jira kafin su samu komawa gida. Masu tsantseni za su ce wannan ba hebi metal ba ne, kuma sun yi gaskiya, tushensa takamba ne. Sai dai kayan aikin ɗaya ne, harajin ma ɗaya. Har dabarar Eddie Van Halen ya ɗauka, wadda ta girgiza duniyar jita a 1978, inda hannun kaɗi ke barin wurinsa ya hau wuya, ya riƙa ƙwanƙwasa tsirkiya a kan matakai, hannu biyu suna guduma da fizga tare. Ya gan ta a bidiyo, ya mayar da ita guɗa. Lura kuma, in hannun kaɗi ya tafi wuya, mai gadin manyan tsirkiyoyi ya bar bakin aiki ke nan, dole wuyan hannu ya karɓi tsaron.

Akwai wata dabara da ta fi ba ni mamaki, don kowa ya san ta a matsayin abin kunya. In mai sanarwa a wurin taro ya matso da makirfo kusa da lasifika, sai ka ji ƙiii, kowa ya toshe kunne. Sauti ne ke fita ya koma ya sake fita, yana cin kansa. Jita ma tana yi: iskar lasifika ta kaɗa tsirkiya, kunne ya ji, amfilifaya ta ninka, lasifika ta sake kaɗa tsirkiya. Gwani yakan saki tsirkiya ɗaya kaɗai ga wannan zagayen, ya toshe biyar, ya juya jikinsa yana neman daidai inda muryar da yake so za ta kama. In ta kama, ba ta mutuwa sai ya ce. Taku ɗaya gaba ta zama tsuwa, taku ɗaya baya ta suɓuce.

Kaduna ba baƙuwar jita ba ce. A nan Bala Miller ya tara ƙungiyarsa ta Pirameeds a shekarun 1970, manya har yanzu suna tuna Ikon Allah. Yau yawancin waƙoƙin da ke fita daga ɗakunan ɗaukar sauti na wannan gefen kogi fiyano da kwamfuta ne ke yin su, mutum ɗaya a kan kujera, kuma ba laifi ba ne, Anar ma ta irin wannan hanya ta zo duniya. Illa dai tsirkiya ta yi wuyar samu. Maƙwabcina in siririyar ta tsinke kusa da jaki, ba ya yar da ita. Yakan warware ragowar da ke kan maɗauri, ya sake ƙulla mata ɗan zoben gindinta, ta ƙara wata guda. Manyan ukun kuma in sun dakushe da gumi da ƙura, sai ya kwance su ya tafasa a wata tsohuwar buta, ya shanya, ya mayar. Kowane dare in ya gama, yakan sa tsumma ya bi kowace tsirkiya sama da ƙasa, har tsumman ya yi baƙin layi shida.

Daren jiya na same shi yana fama da wata gangara mai sauri, daga siririyar tsirkiya zuwa ta uku. Muryoyin duk suna fita, amma duk sanda ya bar ta biyu sai ta bi shi da wani ɗan ƙyas, wanda ni sai da ya nuna mini sau uku na ji. Na ce, "Samari, ai wannan ba mai lura." Ya ce, "Amfilifaya tana lura, Malam." Ya karkata manuniyarsa kaɗan, kamar kaurin takarda, ya sake. Ƙyas ɗin ya ragu, bai tafi ba. Yana cikin na bakwai ko na takwas sai ga hon ɗin maigida a bakin get. Ya kifa tafi a kan tsirkiyoyin, ya jingina jitar da bango fuskarta a ciki, ya ruga ya zare sakata. Mota ta shige, ya rufe, ya dawo ya tarar shayi ya ƙafe a buta. Ya ƙara ruwa, ya gyara gawayi, ya ɗauki jitar ya koma kan tsirkiya ta biyu.